Doki 100 daga tukunya: yadda muka haɗa naitiros a injin LS1

Motar Chevrolet Camaro Z28 ce ta shekarar 2000, mai giyar hannu shida. Injinta LS1 ne, silinda takwas, lita 5.7, wanda kamfani ya rubuta wa ƙarfin doki 305. Abin da ake nema shi ne a ƙara mata doki 100 na 'yan daƙiƙoƙi a filin tseren kwata-mil, wato mita 402, ba tare da an kwance cikin injin ba, ta hanyar fesa wa injin naitiros, wato gas ɗin nitrous oxide da ake ajiyewa a tukunya yana ruwa. Kayan duk a kwali ɗaya suka zo: tukunyar alminiyam mai cin laba 10, wato kilo 4.5, da maɗauranta biyu, da dogon tiyo mai saƙar ƙarfe, da solinoyid biyu, wato bawul masu buɗewa da wutar lantarki, ɗaya na gas ɗaya na fetur, da nozul guda, wato bakin feshi, da 'yar leda cike da jet na tagulla, wato 'yan ƙwayoyi masu rami da ke ƙayyade yawan gas da fetur, da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da makunnai, da takardar lissafin jet.

Tukunyar muka fara turawa ƙarƙashin benci, kwana biyu ba wanda ya waiwaye ta. Shi naitiros ba ya cin wuta da kansa. Iskar da muke shaƙa kashi 23 cikin 100 na nauyinta ne oksijin, shi kuwa naitiros kashi 36. Idan ya shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius, sai ya rabu gida biyu ya saki oksijin ɗinsa. Ga kuma sanyi: lokacin da yake barin siffar ruwa ya koma iska, yana sauka har digiri 88 ƙasa da sifili, ya sanyaya iskar da injin ke zuƙa, ta ƙara nauyi. Wannan oksijin duka abinci yake nema, abincinsa kuwa fetur ne, kuma daga fetur ɗin dokin nan 100 za su fito. In fetur bai ishe shi ba, zafin ɗakin ƙuna zai haura, ya koma cin abin da ya tarar, daga bakin fulogi zuwa gefen fistin. A nan za mu riƙa cewa cakuɗi ya tsinke idan fetur ya yi kaɗan, ya yi kauri idan ya yi yawa, kamar dai yadda ake faɗa wa kunu. Mai kauri asarar 'yan dawaki kawai yake jawowa. Wanda ya tsinke shi ke kai injin wurin masu gwangwan.

Dabarar sa wa injin naitiros tsohuwa ce, tun yaƙin duniya na biyu Jamusawa suka yi amfani da ita a jiragen yaƙinsu da tsarin da suka kira GM-1, don injin ya sami oksijin a can sama inda iska ta yi ƙaranci. Kamfanin NOS da aka kafa a Amurka a 1978 shi ya yaɗa ta a tsakanin masu tseren mota, har sunansa ya zama sunan gas ɗin a bakin mutane da yawa.

Tsari biyu ne. Akwai busasshe, inda nozul ke fesa gas kaɗai, a bar wa injektocin mota su ƙaro fetur. Akwai jiƙaƙƙe, inda nozul ɗaya ke fesa gas da fetur tare. Mun ɗauki jiƙaƙƙe saboda injektocin Camaro ta wannan shekarar ƙanana ne, wajen laba 26 a awa kowanne, ba su da rarar da za su ɗauki nauyin doki 100 a kan aikinsu.

Awon lafiyar injin shi ne aikin farko. Mun auna kwamfureshin na silinda takwas ɗin, injin da ɗumi, totur a buɗe. Abin dubawa shi ne kada tazarar mafi girma da mafi ƙanƙanta ta wuce kashi 10 cikin 100. Injin da ke shan baƙin mai ko yake da silinda ɗaya mai rauni, naitiros ba zai yi masa sutura ba, tona shi zai yi a gwajin farko. Namu ya wuce wannan.

Famfon mai ne ya faɗi jarrabawa. LS1 yana aiki da matsin fetur psi 58, kuma akwai ɗan bawul irin na hura wa taya iska a bakin bututun injektoci ta ɓangaren direba, can gaba, inda ake ɗaura geji. A silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, geji ya nuna 58 daram. Amma awon silo ba ya gaya maka komai. Muka ja tiyon geji muka manna shi a gilashin gaba ta waje, aka taka mota a giya ta uku har saman juyi, sai allura ta riƙa zamewa ƙasa. Tun ba a ɗora masa komai ba ke nan. Doki 100 na naitiros suna cin ƙarin fetur wajen lita 30 zuwa 38 a awa, to famfon da ke nishi da kayansa na yau da kullum ina zai kai wannan? Muka canza shi da mai tura lita 255 a awa, muka sa sabuwar filtar mai.

Canjin famfo a wannan mota aikin rabin yini ne, don sai an sauke tanki, tankin kuwa ba ya fitowa sai an kwance bayan salansa da sandar da ke riƙe aksil ta gefe, an kuma sassauto aksil ɗin ƙasa. Wasu kan yanka ƙofa a daɓen but su zaro famfo ta sama. Mu saukewa muka yi, kuma ya yi mana rana, domin tankin yana kwance ne daidai ƙarƙashin daɓen da za mu huda don ɗaure tukunya. Da tankin yana ƙasa muka huda ramuka huɗu hankali kwance. Wanda zai huda daɓen nan tanki na ciki, to ya sa wa bakin dirila abin tokare kada ya zarce santimita ɗaya, in ba haka ba fetur zai sanar da shi.

Fulogi na gaba. Na kamfani masu bakin filatinam ne da gibi mai faɗi, inci 0.060, kuma duka biyun ba su dace ba. Siririn baki yana riƙe zafi har ya yi ja, ya kunna cakuɗi kafin tartsatsi ya zo. Gibi mai faɗi kuma, idan matsin silinda ya ƙaru, tartsatsin ba ya iya tsallakawa, sai injin ya riƙa tsallen wuta a daidai lokacin da gas ke kwarara. Mun sa NGK TR6, waɗanda suka fi na kamfani saurin sakin zafi da mataki ɗaya, gibi inci 0.035, wato kusan milimita 0.9. Ana ɗaure su da ƙarfin murɗa Nm 15, injin a sanyaye, don kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin hannu. Rabin injin Camaro yana ƙarƙashin gilashin gaba, saboda haka fulogi na 8, na ƙarshe ta ɓangaren fasinja, ta ƙarƙashin mota muka kamo shi, da lalube, ido bai taɓa ganinsa ba.

Sai taimin, wato lokacin da fulogi ke sakin tartsatsi. Cakuɗin da oksijin ya yi wa yawa yana ci da sauri, don haka idan aka bar tartsatsi a inda yake, matsin zai kai ƙololuwa fistin bai gama hawa ba. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce a ja taimin baya digiri 2 kan kowane doki 50, mu ke nan digiri 4. LS1 ba shi da distiributa da za ka sassauta noti ka juya, kwamfutar mota ce ke riƙe da komai. Ana iya shiga da laftof a rage a teburin taimin, amma motar za ta rasa ɗan ƙarfi ko da ba a kunna gas ba. Mun fi son akwatin da ake haɗawa a tsakanin wayoyin koyil, irin LNC-2000 na Lingenfelter, wanda ba ya ja da baya sai ya ji wutar solinoyid. Abin lura da irin wannan akwati: bayan kwamfuta yake aiki, don haka na'urar karanta bayanai za ta ci gaba da nuna maka taimin na asali. Kada ka ga haka ka zaci bai yi aiki ba ka ƙara ja. Fetur kuwa mai okten 93 na lissafin Amurka, wanda ya yi daidai da wajen 98 a lissafin Turai.

Yanzu ne muka jawo tukunya. A cikinta akwai bututu da ya tashi daga bawul ya lanƙwasa zuwa gindi, ta ɓangaren da ke kishiyar takardar da ke manne a jiki. Ruwan naitiros ake so ya fito ta nan, ba tururinsa ba. Idan mota ta figa, ruwan baya yake komawa, saboda haka zamanta ɗaya ne: bawul na kallon gaban mota, takarda na kallon sama, kan tukunya ya ɗara gindinta da kamar digiri 15. Shi ya sa maɗauran ba tsawonsu ɗaya ba, dogon yana wajen bawul. Juya ta ka ga abin mamaki, tukunya cike amma mota na jan ƙafa, don tururi take zuƙa. Mun ɗaure da kusoshi masu kaurin milimita 8 na ƙarfe mai tauri, da manyan wasa ta ƙasa, don daɓen siriri ne, kuma cikakkiyar tukunya ta kai laba 25. A karo, abu mai nauyin kilo 11 da ya tsinke daga baya ba abin wasa ba ne.

A jikin bawul akwai ɗan faifan kariya da ke fashewa idan matsi ya kai wajen psi 3,000. But ɗin Camaro a haɗe yake da ɗakin direba, ba bango a tsakani, don haka idan faifan ya fashe, laba 10 na farin hayaƙi mai daskarar da fata zai cika motar nan take. Dole ne a ɗaura bututun ƙarfe daga wurin faifan ya huda daɓe ya fita waje. Hukumar NHRA mai kula da tseren kwata-mil a Amurka tana buƙatar wannan bututu idan tukunya na ɗakin direba, tana kuma duba hatimin ma'aikatar sufuri ta Amurka, DOT, a wuyan tukunyar. Mun huda masa raminsa tun tanki na ƙasa.

Babban tiyo, mai lamba 4AN, ya bi ta rami mai zoben roba ya sauka ƙarƙashin mota, muka bi da shi gefen bututun fetur da na birki ta ɓangaren direba, ana kama shi da maɗauri duk bayan santimita 40. Nesa da salansa, nesa da farfela, nesa da duk abin da ke motsi, kuma kada ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa. Saƙar ƙarfen jikinsa kamar zarto take, in ta jingina da bututun birki ko wayar wuta, a hankali za ta ci ta. Kafin mu haɗa bakinsa da solinoyid, mutum ɗaya ya riƙe shi gam da safar hannu da tabarau, ya nufi fili da shi, ɗaya ya buɗe tukunya na daƙiƙa guda. Duk wani ɓurɓushi da ya shiga wajen jan tiyo ya fita ke nan.

Wajen haɗa mahaɗai ne mutane suka fi yi wa kansu ta'adi. Iri biyu ne. Masu zare mai tsukewa, waɗanda ke shiga jikin solinoyid, ana shafa musu man tefulon kaɗan, a bar zare biyu na farko babu komai. Masu bakin mazurari, wato AN, ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe, ba a shafa musu komai. Farin tef ɗin masu gyaran famfo kuwa ko kusa kada ya zo. Silin tef ɗaya in ya gutsure, wuri biyu yake zuwa. Ko dai ya maƙale a bakin solinoyid na gas ya hana shi rufewa, gas ya riƙa tsiyaya cikin injin, ko ya toshe jet na fetur, wanda raminsa bai kai milimita ɗaya ba, gas ya shiga shi kaɗai. Kowanne aka samu, an yi asara. Haka kuma ba a kusantar da giris ko baƙin mai ga hanyar gas.

Solinoyid biyun mun kafa su a kan ƙarfe a gaban injin, sama da nozul, nesa da zafin manifol na salansa. Kowanne an rubuta masa mashiga da mafita a jiki, a duba. Na fetur yana shan mai daga ɗan bawul ɗin nan da muka ɗaura wa geji: a sauke matsi tukuna, a sa tsumma, a zare ƙwayar cikin bawul da abin zare ƙwayar taya. In ka manta ƙwayar a ciki, komai zai ɗauru lafiya, ba yoyo, amma fetur ba zai wuce ba.

Nozul yana zama ne a robar da ke tsakanin na'urar auna iska da bakin totur. Bayan na'urar auna iska, ba gabanta ba, don fetur da sanyin gas suna lalata siraran wayoyinta, su kuma rikita lissafin kwamfuta. Mun cire robar gaba ɗaya muka huda a kan benci, muka wanke, sannan muka mayar. Bakin nozul ta gefe yake fesawa, saboda haka mun yi masa alama da fenti ta waje don mu tabbata yana kallon totur bayan an ɗaure. Lambar jet faɗin raminsa ce a kason dubu na inci: jet 52 raminsa inci 0.052 ne, wajen milimita 1.3. Takardar kayanmu ta ba da 52 na gas da 28 na fetur don doki 100 a wannan matsin mai. Wannan lissafin nasu ne su kaɗai. Takardar wani kamfanin dabam take, ta injin mai kafireta kuwa, wanda fetur ɗinsa psi 6 ne kacal, jet ɗin fetur ɗinta ya fi wannan girma sosai. Lambobin ƙanana ne ƙwarai, da gilashin ƙara girma muka karanta su, sau biyu, mutum biyu. Nozul ma an rubuta ƙofar gas da ƙofar fetur.

Wayarin shi ne inda ake sa wa tsarin hankali. Wuta mai nauyi ta taso daga batir da waya mai kauri, ta bi ta fis na amp 30 kusa da batir, ta shiga rile, ta fita zuwa solinoyid biyun a tare. Shi kuwa rile ba ya kamawa sai sharuɗɗa huɗu sun cika, kuma a jere aka haɗa su, ɗaya ya saki duka sun saki. Na farko makunnin direba, mai murfi, wanda ke samun wuta sai an murɗa makulli. Na biyu ɗan makunni a jikin totur. Totur ɗin wannan mota na kebul ne, don haka ya yi sauƙi, amma a gwada shi da ƙafa a kan feda, ba da hannu a bakin injin ba, don sau da yawa hannu na kai totur inda ƙafa ba ta kai shi, musamman in kafet ya yi kauri. Ana so ya yi ƙas a daidai ƙarshen tafiya, ba tare da ya zama shi ne ke tokare totur ba.

Na uku makunnin matsin fetur, wanda ke yanke komai idan mai ya faɗi. Mun fara sa shi a 52, sai ya riƙa kamawa yana saki kamar mai sheshsheƙa, saboda duk sanda solinoyid ya buɗe, matsi kan ɗan nutse na ƙiftawar ido kafin famfo ya cike gurbin. Muka mayar da shi 45.

Na huɗu shi ne makunnin taga, mai barin gas ya yi aiki tsakanin juyi kaza da kaza kawai, kuma shi ne wanda masu tsumulmula suka fi tsallakewa. Lissafin ba wuya. Jet ba ya sanin juyin injin, gas ɗin da yake zubawa a daƙiƙa ɗaya ne kullum. Doki 100 a juyi 6,000 a minti ƙarin ƙarfin murɗa ne na lb-ft 88. A juyi 3,000 ya zama 175. A juyi 1,500 ya zama 350, alhali injin gaba ɗayansa 335 aka rubuta masa. Wato an ninka wa sandunan fistin kaya a bugu ɗaya. Ban da haka, manifol ɗin shigar iska na LS1 na roba ne, an zana shi don iska kaɗai, a ƙaramin juyi iskar ba ta da saurin da za ta ɗauki fetur, sai ya kwanta a lunguna. Tartsatsi ɗaya ya dawo ta bawul, manifol ya tarwatse, wani lokacin har da bonet. Ta sama kuma akwai wani ramin: kwamfutar motar tana tsayar da juyi a wajen 6,200 ta hanyar yanke injektoci. In ta yanke gas na zuba, babban rabon fetur ya ɗauke, cakuɗi ya tsinke a mafi munin lokaci, kuma da giyar hannu kuskuren giya ɗaya ya isa ya kai ka can. Mun buɗe taga a 3,000 muka rufe a 5,900. Wani abu da ke rikita mutane: siginar juyi da kwamfutar LS1 ke fitarwa irin ta injin mai silinda huɗu ce. In ka saita makunnin a takwas, rabin juyi zai riƙa karantawa. Mun tayar da injin muka gwama abin da yake nunawa da agogon dashbod kafin mu yarda da shi.

Mun ƙara ɗan solinoyid na uku kusa da na gas, mai fitar da tururi waje ta gindin gilashi. Farin hayaƙin da ake gani motocin tsere na fesawa kafin tashi ke nan. Aikinsa ya kori tururin da ke cikin dogon tiyo, ruwa ya iso bakin ƙofa.

Gwaji mataki-mataki ne. Tukunya a rufe, tiyo babu gas, injin a kashe, fis ɗin famfo a cire kuma an sauke matsin mai, muka tsallake makunnin taga da na matsi na ɗan lokaci, aka taka totur, muka ji ƙas daga solinoyid biyun, hannu a kan kowanne. Sannan muka cire tiyon fetur daga nozul muka sa a gwangwani, famfo na aiki, muka ga mai na fita da ƙarfi, yana kuma tsayawa cak idan an saki. Muka mayar da duk abin da muka tsallake. Daga nan aka tayar da injin, aka buɗe tukunya a hankali, kunne na kan silo. In silo ya tashi, solinoyid na gas na yoyo, a rufe tukunya nan take. Ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa, ko da yake yoyon naitiros ba ya ɓuya, farar ƙanƙara yake tarawa a wurin.

A kan na'urar gwajin ƙarfi mai nadi muka yi jan farko, a giya ta huɗu, da jet na doki 50, da na'urar auna cakuɗi a salansa. Abin nema iska kashi 11.5 zuwa 12 kan fetur kashi ɗaya. Da muka koma jet na 100 sai matsalar da muke tsammani ta bayyana: a daƙiƙar farko layin awon cakuɗi ya yi tsalle sama ya haura 13 kafin ya sauko. Dalili a fili yake. Gas na tahowa da psi 900 da wani abu, fetur da 58, tiyonsu tsawo ɗaya, wa zai riga isa? Muka gajarta tiyon fetur daga solinoyid zuwa nozul iya yadda zai yiwu, muka sa wa gas wanda ya fi tsawo. Tsallen ya ragu har ya zama ba abin damuwa ba.

Na'urar salansa matsakaicin silindodi take ba ka, ba ta san wanda ke shan wahala ba. Fulogi ne ke faɗar wannan. Ana gama ja a kashe injin nan take, kada a bar shi ya yi silo ya shafe shaida. Mun fara zaro na 7, na ƙarshe ta ɓangaren direba, don a LS1 shi ne ya yi suna wajen karyewar gefen fistin. Ringin kamfani gibinsa matsattse ne, idan zafi ya yi yawa bakunansa biyu kan haɗu, ya rasa wurin miƙewa, sai ya ɓalle leɓen fistin ɗin. A jikin lanƙwasasshen ƙarfen fulogi akwai inda launi ya canza. In alamar na wajen gwiwa, taimin ya zauna. In ta gangara kusa da zare, ya yi gaba da yawa, a ƙara ja. Baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa masoro a kan farin tangaran alamar cakuɗi na fashewa ne maimakon ya ci a hankali. 'Yan ƙwayoyi masu walƙiya kamar azurfa kuwa fistin ne ya fara narkewa, a tsaya. Namu takwas ɗin sun fito fes.

Abin da ya rage shi ne matsin tukunya, kuma zafi ne ke juya shi, ba yawan abin da ke ciki ba. A digiri 10 wajen psi 590 ne, a digiri 21 wajen 760, sai an kusa digiri 30 ake samun 900 zuwa 950 da aka lissafa jet a kansu. Tukunya mai sanyi na ba da gas kaɗan, cakuɗi ya yi kauri, mota ta yi nauyi. Maganinta bargon lantarki mai makunnin matsi, da nasa rile da fis dabam don yana jan kusan amp 20. Ba a gasa tukunya da harshen wuta, alminiyam na rasa ƙarfinsa ba tare da ya nuna a ido ba, NHRA ma ta hana. Ta ɗaya gefen, da zarar an wuce digiri 36.4 naitiros ya daina zama ruwa sosai, matsi ya haura 1,050 ya ci gaba da hawa. Motar da ta yini a rana a Arizona ko Texas, ko a zafi irin na Sakkwato a watan Afrilu, jiƙaƙƙen tawul take buƙata a kan tukunya, ba bargo ba. Matsi mai yawa na tsinka cakuɗi, wani lokacin ma ya hana solinoyid buɗewa, sai fetur ya zuba shi kaɗai mota ta shaƙe.

Tunda geji ba ya faɗin abin da ya rage, sikeli ake amfani da shi. Doki 100 na cin wajen laba 0.8 a daƙiƙa 10. A takarda tukunya ɗaya ta isa tsere goma sha biyu, a aikace kuwa idan ta sauko saura laba 3 ko 4 matsi na zubewa tun ba a kai rabin fili ba, don haka mukan cika ta tun kafin nan. Ciko ma da nauyi ake yi, kada a wuce abin da aka rubuta a jiki. Gas ɗin mota an gauraya shi da ɗan sinadarin farar wuta mai wari don kada a shaƙa, ba irin na asibiti ba ne.

Injin ya ɗauki kayan, amma kuloci na kamfani ya fara zamewa a giya ta huɗu bayan 'yan ja kaɗan, sai da aka canza shi. Aksil ɗin baya na waɗannan motoci, mai kusoshi goma, shi ma sananne ne da rauni idan taya ta kama ƙasa sosai, shi ya sa ba ma sakin gas a giya ta ɗaya. Ana kashe na'urar hana taya zamewa kafin a kunna makunni, don tana iya rufe totur ko taɓa taimin gas na tsakiyar aiki. A kan titi kuwa tukunya a rufe take, wasu jihohin Amurka ma suna da doka a kan haka.

Bayan kowane tsere, a rufe bawul ɗin tukunya, a danna makunnin fitar da tururi har tiyo ya huce, don matsin da aka bari ya kwana a kan solinoyid yana kumbura robar bakinsa. Idan kuma an taɓa gas bisa kuskure injin a kashe, ko an tarar tiyon da aka bari da matsi ya wayi gari babu komai, kada a murɗa makulli a tayar. Gas ɗin yana cikin manifol da silindodi. A zare manyan mahaɗan koyil guda biyu, ɗaya a kan kowane murfin bawul, a cire fis ɗin famfon mai, a taka totur har ƙasa, a juya injin da kik na daƙiƙa 10, a huta, a sake sau biyu, sannan a mayar da wayoyin.